Bindigar Iska Mai Araha

Shekara talatin da wani abu ina cin abinci a Alƙahira da abu guda, wato iya ciniki. Karatun addini ne ya kawo ni garin nan ina saurayi, amma karatun bai karɓe ni ba. Na yi shekara biyu ina kokawa da nahawu, sannan na tattara littattafan na faɗa kasuwar Ataba. 'Yan kasuwar Kano da na Maraɗi su aiko mini da saƙo, in sayo musu jallabiyoyi da turare da takalma, in ɗaure in tura. Duk wanda ya san ni ya san ba na sayen abu a farashin farko. Ko allura ce sai na taya. In mai kaya ya ƙi, sai in juya baya in kama hanya a hankali, ina ƙirga taku a zuciyata. Kafin in kai goma zan ji an ce, “Ta'ala ya Hagg, dawo mana,” wato zo Alhaji. Da wannan juya bayan na biya haya, da shi na yi wa ɗana aure. Na ɗauke shi abin alfahari, har ina koya wa mutane.

Ɗan nan shi kaɗai Allah Ya bar mini. A nan aka haife shi, a nan ya girma, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Fasfonsa na Najeriya ne, amma bai taɓa taka ƙasar ba, kuma duk shekara sai ya sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, kamar kowane baƙo. Gyaran waya yake yi a wani shago a Hay el-Sabi', inda ɗalibanmu suka fi yawa. Matarsa Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ne ya koro danginta, katin 'yan gudun hijira ne a hannunta. Suna da 'ya guda, shekararta uku a lokacin. Ban taɓa kiran sunan ɗan nan ba, domin ɗan fari ne, kuma haka na ga mahaifina ya yi da yayana. “Kai” nake ce masa, ya amsa.

Muna zaune a unguwar Arba wa Nus, a hawa na ƙarshe, rufin gidan a hannunmu yake. A kan rufin akwai tattabaru. Marigayiya mai ɗakina ce ta fara su da biyu, ta rasu ta bar su sun kusa sittin. Ni nake ba su hatsi, ni nake canja musu ruwa, kuma in na hau can da safe ina jin kamar ba ta yi nisa ba.

Sai irsa ta gano su. Wata dabba ce 'yar siririya mai ja-ja, kamar tunku, garin nan cike yake da ita, tana bin bututu tana hawa bene. Ba ci take yi don yunwa ba, kashewa take yi ta bar su. Wata safiya na tarar da huɗu a kwance, bayan kwana biyu na tarar da bakwai. A cikin bakwai ɗin akwai wata fara mai ɗigon baƙi a wuya, jikar waɗanda marigayiya ta fara da su. Na zauna a kan bokiti na daɗe ban tashi ba.

Surukata ta hawo da shanya ta gan ni. Ta ce, “Baba, ragar waya za a sa, mai ƙananan ido. Gine ɗari uku ta isa, a toshe ko'ina, khalas, shi ke nan.” Gine shi ne kuɗin Masar.

Na ce mata raga ba ta hana ɓarawo dawowa. Ni so nake in ga gawarta.

Ta yi dariya ta ce, “Baba da ko zaren allura sai na sa masa, shi ne zai harbi irsa?”

Na ji haushin dariyar nan fiye da yadda na nuna. Kakana maharbi ne, kuma ina yaro na sha riƙe masa jakar albarushi. Washegari da na sauka Ataba, maimakon in nufi layin masu turare, sai na bi wani titi da na daɗe ina wucewa, inda ake da shagunan bindigogin farauta. Na shiga ɗaya. Mai shagon dattijo ne kamata, da tabarau rataye da igiya a wuya. Na gaya masa matsalata. Ya ce abin da ya dace da ni bindigar iska ce, wadda ba ta amfani da albarushi. Ya ciro wata daga bayan gilashi ya ɗora mini a hannu. Gindinta na katako ne, santsi kamar an shafa mai.

Na ce nawa.

Ya ce gine dubu tara. Ya ci gaba da bayani, cewa sai na fara samo takardar izini daga hukuma, in kawo fasfo da iƙama, shi kuma ya rubuta lambar bindigar a littafinsa ya ba ni fatura, wato rasit mai hatimi. Na ji duk wannan da kunnena, ba zan yi ƙarya ba. Amma a Ataba kowane mai kaya yana da dogon bayanin da yake yi kafin ya rage, kuma na saba barin bayanin ya wuce ta gefen kunnena ina jiran lamba.

Na ce, “Dubu shida.”

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, “Ya Hagg, ka ga silifas a shagon nan?”

Na ce, “Shida da rabi, don darajar furfurarka.”

Ya ce, “Furfurata ta gode. Tara.”

Na ajiye masa bindigarsa, na yi sallama, na juya. Na fita a hankali ina ƙirgawa. Goma. Sha biyar. Na tsaya ina duba takalmina kamar wani abu ya shiga. Ashirin. Na kai kwanar titin na waiga, sai na hango shi ta gilashi ya mayar da bindigar wurinta ya koma kan jaridarsa. A shekara talatin ba a taɓa yi mini haka ba. Na hau mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya, zuwa gida raina a ɓace, ina faɗa wa kaina cewa zan nuna wa mutumin nan ba shi kaɗai ke sayar da bindiga a Masar ba.

Da ɗana ya dawo aiki na ce, “Kai, duba mini a wayar nan taku, inda kuke sayen komai. Bindigar iska.”

Ya duba don kada ya saɓa mini. Bai yi minti biyar ba ya samo wani shafi, ga hoton bindiga iri ɗaya da wadda na riƙe, har katakon. Gine dubu biyar da ɗari bakwai, a kawo maka har ƙofar gida. Na karɓi wayar na matso da ita kusa da idona. Daɗi ya kama ni kamar na tsinci kuɗi.

Na ce, “Ka gani? Dubu uku da ɗoriya tsohon nan ya so ya ci a kaina.”

Ya ce, “Baba, wannan ba shi da shago. Ba adireshi, ba suna, lambar waya ce kawai.”

Na ce, “Shi ya sa ya yi araha. Ba ya biyan haya, ba ya biyan lantarki, ba ya ba kowa shayi. Ni za ka koya wa kasuwa?”

“To takardar izinin fa?”

“Bindigar da za ta zauna a kan rufi tana jiran ɓera? Wa zai hawo bene shida ya tambaye ta takarda?”

Matarsa tana daga kicin ta ce, “Ragar dai ɗari uku ce.”

Da na tsaya a nan, wataƙila da an kawo kwalin har gida, na harbi bango sau biyu na gaji, an jefa ta bayan kabad. Amma ban iya sayen abu ban taya ba. Na sa ɗana ya rubuta wa mutumin cewa dubu biyar za mu ba shi. Ya ƙi. Na ce a rubuta masa mun fasa, a yi shiru. Na zauna ina kallon wayar ina ƙirgawa, kamar yadda nake ƙirga taku. Can sai ta yi ƙara. Mutumin ya ce zai bar ta a dubu biyar da ɗari biyar, amma a wannan farashin ba zai aiko ba, sai dai a zo a karɓa a wata tasha can ƙarshen gari.

Na buga cinya na ce, “Ka ga yadda ake yi?”

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ce, “Baba, a biya ɗari biyun nan a kawo. Iƙamata ta ƙare, ranar da suka ba ni ta sabuntawa sai nan da sati uku. Ba na son yawo da dogon kwali a hanya.”

Abin da na ce masa shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na dafa gwiwata mai ciwo na ce, “Ba komai. Ni zan je. Ka zauna ka huta.”

Na san abin da nake yi. Na san ba zai bar ni ba.

Ranar Talata bayan azahar ya tafi. La'asar ta yi bai dawo ba, wayarsa a kashe. Gab da magariba wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ƙwanƙwasa ƙofa, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta ce mota ɗaya suka hau. 'Yan sanda sun tsayar da su a shingen bincike kafin a shigo unguwa, suka ga kwali a tsakanin ƙafafunsa, suka ce ya buɗe. Suka tambaye shi fatura, babu. Takardar izini, babu. Iƙama, ta ƙare. Suka sauke shi, mota ta wuce.

Surukata ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta dube ni kawai, ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki.

Da safe muka je ofishin 'yan sanda. Akwai wata 'yar taga da ake miƙa abinci, mutane sun yi layi da ledoji. Ita ce ta faɗi sunansa, ni ina tsaye a bayanta riƙe da burodi da cuku. Na samu na kutsa wurin wani jami'i na ce masa bindigar tawa ce, ni na aike shi, ni ya kamata a kulle. Na miƙa masa hannuwana biyu. Ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri ya Hagg. A hannunsa aka same ta, a wayarsa aka yi cinikin. Je ka nemi lauya.”

Lauyan da muka samu bai ɓoye mana komai ba. Ya ce bindigar iska ita kaɗai ba babban laifi ba ce, da ɗan ƙasa ne tara za a ci shi ya koma gida. Amma baƙo, iƙama a ƙare, da bindigar da ba a san inda ta fito ba, wannan ana iya mayar da shi ƙasarsa. Ya ce in akwai wata takarda da za ta nuna daga ina bindigar take, a kawo masa da sauri, ko za ta sassauta.

Surukata ta haddace lambar mai sayarwar, don ita ta karanta wa mijinta ranar da zai tafi. Muka kira. A kashe. Na kira da safe, na kira da rana, na ari wayar mai shagon ƙasanmu na kira ko lambata ce ya toshe. Ta nemi shafin, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Na hau mota har tashar da suka haɗu, na yi ta tambayar masu shayi da masu sayar da masara ko sun ga wani mutum da dogon kwali ranar Talata. Wani ya ce mini, “Ya Hagg, nan kowa da kwali yake.”

Kwana na biyar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na koma shagon da na juya wa baya ba tare da an kira ni ba.

Mai shagon ya gane ni. Ya ce, “Ahlan, mai silifas. Ka ƙara ɗari biyar?”

Ya ga fuskata, ya ajiye jarida, ya jawo mini kujera, ya aika a kawo shayi. Na gaya masa komai. Sannan na ciro kuɗi na ɗora a kan gilashin, dubu tara cif. Na ce ba na son bindiga, ya riƙe abarsa. Fatura kawai nake so, ya rubuta cewa a wurinsa ɗana ya saya, ya sa kwanan watan makon jiya.

Ina sane da cewa ƙarya nake roƙon mutum ya yi, ni da gemuna fari. Ban damu ba. Da ya ce in durƙusa a titi da na durƙusa.

Ya tura mini kuɗina. Ya jawo wani babban littafi daga ƙarƙashin teburin ya buɗe. Layi-layi, kowace bindiga da lambarta, da ranar da ta shigo, da sunan wanda ya saya, da lambar takardar izininsa. Ya ce hukuma tana zuwa tana duba littafin nan shafi-shafi. Bindigar da ke hannun 'yan sanda lambarta ba ta ciki, in ma tana da lamba. In ya rubuta mini fatura, ranar da aka gwada za a rufe shagon, a kulle shi, kuma ɗana ya ƙara da laifin takardar jabu.

Na ce, “Zan ƙara dubu biyu.”

Ya ce, “Har yanzu ciniki kake yi?”

Na mayar da kuɗin aljihuna.

Ya ce, “Dubu ukun da ka ce na ci a kanka, ga su nan.” Ya ɗora tafin hannunsa a kan littafin. “Haraji ne, da lasisi, da wannan. Na gaya maka ran nan, kana kallon ƙofa.”

Na ce, “Me ya sa ba ka kira ni ba da na fita?”

Ya ce, “In kira ka in ce me? Ba ni da abin da zan rage.”

Ya raka ni har bakin titi. Shayin ko taɓa shi ban yi ba.

An kai ɗana kotu bayan sati biyu. Aka ci shi tara, aka ƙwace bindigar. Muka biya a ranar. Surukata ta goge masa riga, ta dafa abin da yake so, muka je ƙofar ofishin 'yan sanda muna jira a sake shi. Muka wuni. Da yamma lauya ya fito ya ce an gama da kotu, amma an miƙa takardunsa ofishin fasfo, su ne za su ce ko ya zauna ko ya tafi. Ranar sabunta iƙamarsa ta zo ta wuce yana ciki.

Na bi duk ƙofar da aka nuna mini. Na je wurin manyan 'yan kasuwarmu, na je wurin malaman da muka zo tare suka gama karatu suka zama mutane, na zauna a barandar ofisoshi da takardar haihuwarsa a cikin leda, ina nuna wa duk wanda ya tsaya cewa a asibitin garin nan aka haife shi. Kowa ya ce Allah Ya kawo sauƙi. Bayan wata ɗaya da kwana tara aka ce mana mu sayo tikiti, hukunci ya fito.

Lauya da tara sun cinye abin da ke hannuna. Na kira wani mai sayen tattabaru ya hawo rufin. Saura arba'in da ɗaya. Ya zagaya, ya ɗaga fiffiken wannan, ya hura gashin wancan, ya faɗi wani farashi da ko rabin darajarsu bai kai ba. Ya gyara tsayuwa yana jiran in yi gardama, don ya san ni a kasuwa.

Na ce, “Ɗauka.”

Ya ce, “Ya Hagg, lafiya?”

Na ce ya ɗauka kawai.

Ranar tafiya ba a bar mu mun zauna da shi ba. An ce mu tsaya a tsallaken titi, za a fito da shi a sa a mota zuwa filin jirgi. Muka tsaya tun hantsi, surukata da jakar kayansa, yarinyar a kafaɗata. Da aka fito da shi ban gane shi nan take ba, ya rame, gemu ya rufe masa fuska. Yana ta waige-waige bai gan mu ba, motoci sun tare. Na ɗaga hannu na ce, “Kai! Kai!” Titin cike yake da hayaniya, kowa kai ne. Har ya sa ƙafa ɗaya a motar.

Sai na kira sunansa. Da ƙarfi, sau biyu, a gaban matarsa da 'yarsa da duk mutanen titi. Ya juyo da sauri, ya tsaya yana kallona kamar bai yarda daga bakina ya fito ba. Aka tura shi ciki, aka rufe ƙofa.

Yau wata bakwai ke nan. Yana Kano a gidan ƙanena, wanda bai taɓa gani ba sai a hoto. Ba a ce mana ga ranar da zai iya dawowa ba, lauya ma ya ce kada mu sa rai kusa. Matarsa ba ta da fasfon da za ta bi shi, duk mako muna zuwa layin neman takardar tafiya, a ce mu dawo. Tana gaba ina baya da sandata. Har yanzu Baba take ce mini, tana kawo mini abinci a kan lokaci, amma ba ta ƙara zama ta yi mini dariya ba. Yarinyar ta daina tambaya yaushe zai dawo, yanzu in waya ta yi ƙara sai ta ruga ta ce babanta yana ciki.

Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ya faɗa ko sau ɗaya, ina jin da na samu abin riƙewa.

Shekaranjiya ya kira. Ya ce ya samu ɗan teburi a kasuwar waya, yana neman sayen kayan aiki, amma da ya buɗe baki suka ji Hausarsa sai su ninka masa kuɗi. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Baba, koya mini yadda kake yi. In sun ƙi ragewa, taku nawa zan yi kafin in waiga?”

Na riƙe wayar a kunnena. Yana ta cewa, “Baba? Kana ji na?” Ina jin sa sarai. Na miƙa wa matarsa wayar na hau rufi, na zauna a kan bokitin nan a gaban akurkin da ba kowa a ciki.